Alƙalami da tawada a gaban sarki: fashin baƙi kan zanen Ardeshir Mohassess

Akwai wani zane da Ardeshir Mohassess, mai zanen jarida ɗan Iran, ya yi a ƙarshen shekarun 1970. Taron mutane ne a ƙasa, cikin tufafin mutanen Iran na da, sun tsaya kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Sama da kawunansu ga sarki yana reto a jikin igiya, an rataye shi. A ƙarƙashin zanen akwai layi ɗaya tak, ma'anarsa ita ce: sarki kullum yana sama da talakawa. In ka ɗauke wannan jimla ka ajiye ta ita kaɗai, bafade zai iya faɗinta a fada ya sami tukuici. In ka rufe jimlar ka dubi zanen, hoton kisa ne kawai. Sai an haɗa su biyun magana take fita, kuma mai kallo ne yake fitar da ita da kansa. Duk wanda yake son ya gane abin da ya sa masu zanen Iran suke girmama wannan mutum, daga nan ya kamata ya fara.

An haife shi a Rasht, babban birnin lardin Gilan a kusa da tekun Kasfiyan, ranar 9 ga Satumba 1938. Mahaifinsa alƙali ne, ya rasu tun Ardeshir yana ƙarami. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce mai rubuta waƙoƙi. Bahman Mohassess, shahararren mai zanen fenti da sassaƙa, danginsa ne na kusa. Shi Ardeshir kimiyyar siyasa ya karanta a Jami'ar Tehran, ya gama a 1962, amma tun a 1951, bai wuce shekara 13 ba, mujallar barkwanci ta Towfiq ta buga zanensa. Daga baya ya yi aiki da jaridar Kayhan, mawaƙi Ahmad Shamlou kuma ya buga masa zane a mujallar da yake shugabanta, har ya kwatanta shi da Ubaid Zakani, gwanin zambo na ƙarni na 14. Ya yi baje kolinsa na farko a Tehran a 1967. A farkon shekarun 1970 zanensa ya fara fita a Jeune Afrique, mujallar nan ta Paris da masu karatun Faransanci a Nijar da Chadi da Kamaru suka sani sarai, da kuma jaridar New York Times.

Kafin shi, zanen barkwanci a Iran yana da siffar da kowa ya saba da ita. Ta samo asali ne daga zamanin juyin tsarin mulki na 1905 zuwa 1911, lokacin da mujallar Molla Nasraddin, wadda aka fara bugawa a Tiflis (Tbilisi ta ƙasar Jojiya a yau) a 1906 da harshen Azeri, take shigowa ƙasar tana cike da zane. Towfiq ta gaji wannan hanya: ɗan siyasa da ƙaton kai da ɗan ƙaramin jiki, an rubuta sunan kowane abu a jikinsa don kada a ɓata, sai magana cikin harshen kasuwa mai sa dariya. Wannan salo yana da amfaninsa, yana kuma da iyaka. Zanen yana mutuwa tare da labarin makon, kuma da yake an zana fuskar mutum an rubuta sunansa, mai tace labarai ba ya shan wahala wajen gano laifi. Hukuma ta rufe Towfiq a farkon shekarun 1970.

Mohassess ya bar wannan hanya ta fuskoki da yawa a lokaci guda, kuma kowace fuska tana da dalilinta na aiki.

Tufafin Kajar

Daular Kajar ta mulki Iran daga ƙarshen ƙarni na 18 har 1925, lokacin da Reza Shah, mahaifin Muhammad Reza Pahlavi, Shah (wato sarkin Iran) na ƙarshe, ya kawar da ita. Gidan Pahlavi ya gina mutuncinsa a kan cewa shi ne ya fitar da ƙasar daga duhun Kajar, kuma a makarantu ana koya wa yara cewa zamanin Kajar zamanin zalunci ne da ci baya. To sai Mohassess ya tufatar da mutanen zanensa da kayan wancan zamani: doguwar hular fatar rago, jabba mai faɗi, gashin baki har kunne, lambobin girma a ƙirji, takobi a ɗamara. Ga dogarai, ga hauni, ga fursunoni da mari a ƙafa da sarƙa a wuya.

Dubi halin da wannan ya jefa mai tace labarai. In ya bar zanen ya fita, duk mai karatu a Tehran ya san da wa ake, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In ya hana, ya amsa da bakinsa cewa azzalumin sarkin Kajar da Shah mai ci a lokacin kama ɗaya suke. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan shi ne gugar zana a cikakkiyar siffarta, kuma ya daɗe yana yi masa aiki, ko da yake bai hana ƙarshenta 'yan sandan ciki na SAVAK su matsa wa jaridu har aiki ya yanke masa ba. A 1976 ya tafi New York da niyyar ɗan zama. Bai sake komawa Iran da zama ba.

Sai dai kada a ɗauka tufafin nan mayafi ne kawai na ɓuya. Bayan ya isa Amurka, inda babu wanda zai hana shi zana fuskar Shah ƙarara, ya ci gaba da zana 'yan Kajar ɗinsa. Jerin zanen da ya fi shahara da su, waɗanda Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya adana aka kuma buga su littafi a 1994 da sunan da ke nufin rayuwa a Iran, a can ya yi su. Wannan ya nuna da'awa ce yake yi game da tarihi: sarki yana sauyawa, hula tana sauyawa, amma mai riƙe da sarƙa da wanda sarƙar take wuyansa suna nan a wurarensu. Da juyin juya halin 1979 ya zo, gwamnatin malamai ta hau, aka shiga kashe-kashen 'yan adawa da yaƙin shekara takwas da Iraƙi, bai buƙaci sabon salo ba. Rawani ya shigo inda kambi yake, sauran tsarin zanen bai motsa ba.

Tsayuwar hoto

Abu na biyu ya fi na farko dabara, kuma shi ne masu kwaikwayonsa suka fi mantawa da shi. Nasiruddin Shah, wanda ya yi mulki daga 1848 zuwa 1896, mutum ne mai son kyamara, shi kansa yana ɗaukar hoto. Zamaninsa ya bar dubban hotuna na fadawa da sojoji da barori, har da fursunoni. Hoton Mirza Reza Kermani, wanda ya harbe sarkin a 1896, yana zaune da sarƙa kafin a rataye shi, sananne ne a Iran. Kyamarar wancan lokaci tana buƙatar mutum ya daskare na ɗan lokaci, in ya motsa hoton ya dushe. Shi ya sa kowa a hotunan yake fuskantar gaba, hannu a gwiwa ko a ƙirji, fuska ba dariya ba kuka, manya a zaune a tsakiya, ƙanana a tsaye a baya, barori a gefe.

Mohassess ya ɗauki wannan jeri yadda yake. Mai son ya ga yadda tsarin yake aiki sai ya lura da abubuwa kaɗan. Idon mai kallo yana daidai da ƙirjin mutanen, kamar inda kyamara take a kan ƙafafunta uku, ba a leƙo su daga sama ko daga ƙasa ba. Mutanen suna cikin sahu ɗaya ko biyu, a kan layi miƙaƙƙe. Bayan fage kusan babu komai, sau da yawa farar takarda ce. Babu mai gudu, babu mai ɗaga takobi zai sara. An riga an yi ɓarnar, ko kuwa ana shirin yin ta, kowa kuma ya tsaya a ɗauke shi hoto da ita. Sai abu ɗaya ya saɓa: wani a sahun ba shi da kai, wani ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, wani igiya ce a wuyansa.

Dalilin da ya sa wannan ya fi zanen tashin hankali tsoratarwa shi ne, zanen da ake sara da ihu yana gaya wa mai kallo cewa abin da ke faruwa baƙo ne, rana ɗaya ce ta ɓaci. Hoton sahu kuwa na bikin aure ne da yaye ɗalibai da naɗin sarauta, abin da mutane suke alfahari da shi su rataya a bango. In kisa ya shiga wannan sahu, ya zama al'ada, ya zama aikin ofis. Kuma da yake duk suna kallon gaba, kai mai kallo kai ne mai kyamarar, an sa ka cikin lamarin ba tare da an nemi izininka ba. Shi da kansa ya sha cewa shi mai kawo rahoto ne kawai.

Jikin da aka sare da kan da aka cire ba daga Turai ya aro su ba, ko da yake ana yawan haɗa sunansa da masu zanen Yamma irin su Goya da Daumier da Saul Steinberg. Suna nan cikin zanen gargajiya na Iran: manyan labulen da masu ba da labari suke warewa a dandali, da zanen bangon gidajen shayi, masu nuna waƙi'ar Karbala da yaƙe-yaƙen Rustam, jarumin tatsuniyar Farisa, da kuma Ta'aziyya, wasan kwaikwayon tunawa da kisan Imam Husaini. Ɗan Iran ya tashi yana ganin waɗannan siffofi a matsayin hoton wanda aka zalunta. Da ya gan su a jarida cikin tawada baƙa, ba ya buƙatar a fassara masa.

Layin da kansa

Nan ne maganar take da tsawo, domin nan ne hannu yake. Yawancin manyan ayyukansa alƙalami ne da baƙar tawada a kan farar takarda. Wannan zaɓi yana da tushe biyu, ɗaya a tarihi, ɗaya a maɗaba'a.

Na tarihi shi ne ɗab'in dutse. Iran ta rungumi wannan fasaha a ƙarni na 19 fiye da ɗab'in haruffan dalma, saboda rubutun Nasta'aliƙ mai gangara da lanƙwasa ba ya zama lafiya cikin haruffan da aka zuba ɗaya ɗaya. Yadda ake yi: a goge dutsen farar ƙasa ya yi sumul, a yi rubutu ko zane da tawada mai maiƙo, ko kai tsaye a kan dutsen, ko a kan wata takarda ta musamman da za a kifa a kansa don kada marubuci ya yi rubutu a juye. Sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan, ƙaron nan dai da ake tsinka a jikin itatuwa a Sudan da Chadi da arewacin Najeriya. Ƙaron yana kama wuraren da babu zane ya sa su riƙe ruwa. A jiƙa dutsen, a mirgina tawadar ɗab'i a kai: inda ruwa yake ta ƙi zama, inda maiƙo yake ta kama. A ɗora takarda a danne. Daga shekarun 1840 littattafai masu zane suka fara fita ta wannan hanya, kuma Mirza Ali-Ƙuli Khoi ne fitaccen mai zanensu. Da yake da alƙalami suke aiki, ba su da toka-toka. Inuwa sai dai a yi ta da ƙananan layuka a jere ko da ɗige-ɗige, tufafi a cika su da ado, fuska a bar ta fili. Wannan kamanni na littattafan talakawa, na tatsuniya da labarun annabawa da jarumai, shi Mohassess ya ɗauko. Ya sa zanensa ya yi kama da shafin da aka yago daga tsohon littafin kaka.

Na maɗaba'a kuwa shi ne yadda ake buga jarida a zamaninsa. Zanen layi ana ɗaukar hotonsa a fim mai baƙi da fari zalla, a juya shi kan farantin tutiya, a ci wuraren da babu zane da asid, layukan su rage a tsaye. Abin da yake baƙi ya fita baƙi, abin da yake fari ya fita fari. Zanen da aka yi da fensir ko da tawadar da aka tsarma da ruwa kuwa sai an fasa shi zuwa ɗige-ɗige ta wani raga, wanda a takardar jarida bai cika wuce layi 65 zuwa 85 a inci ɗaya ba, kuma sakamakon yakan fita a dushe kamar an shanya shi a hazo. Mai zanen da yake son abin da ya bar hannunsa ya isa ga mai karatu yadda yake, layi zai riƙe.

Amma layi ma yana da nasa sharuɗɗa, kuma mai son bin wannan hanya ya san su tun kafin ya tsoma alƙalami. Ana yin zane ya fi girman da za a buga da rabi ko ninki biyu. In an rage shi zuwa rabi, layin da kaurinsa milimita 0.3 ne zai koma 0.15, wannan zai rayu. Layin milimita 0.1 zai koma 0.05, wannan zai tsinke ko ya ɓace. Matsala ta biyu ta fi wannan yawa: tazarar da ke tsakanin layuka ita ma tana raguwa, takardar jarida kuma tana shan tawada layi ya kumbura. Inuwar da ta yi kyau a tebur, layuka sirara a matse, sai ta fito baƙin dunƙule. Maganinsa shi ne farin da ke tsakanin layuka biyu ya kai aƙalla ninki biyu na kaurin layin, kuma a gwada: a rage zanen a injin kwafi zuwa girman bugu a duba kafin a miƙa. Yau da yawancin zane a waya ake ganinsa, a fuskar da faɗinta bai wuce santimita 7 ba, matsalar ta ƙaru, domin shafukan sada zumunta suna matse hoto su dagula ƙananan layuka. Zanen layi ana ɗaukarsa a na'ura da ɗigo 600 zuwa 1200 a inci, a ajiye asalin, sannan a fitar da ƙaramin kwafi a dube shi a waya.

Wajen saƙa inuwa, sahu na farko a ja shi a karkace, duk layukan fuska ɗaya. A bari ya bushe sarai. In an hau shi da sahu na biyu yana ɗanye, mahaɗar layukan za ta tara tawada, bakin alƙalami kuma ya tsage fuskar takardar da ta jiƙe ya kwaso zare. Sahu na biyu kada ya gitta na farko a miƙe kamar giciye, domin hakan yana ba da kamannin ragar sauro, jiki ya koma shimfiɗaɗɗe. A karkata shi kaɗan, ramukan su zama masu tsini. Sahu uku ya isa kusan kowane duhu, abin da ya wuce nan gara a cike shi da buroshi. Sabon bakin alƙalami na ƙarfe yana zuwa da ɗan mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa, in ba a wanke shi ba tawada za ta taru ta faɗo ɗigo guda a tsakiyar aiki. Tawadar Indiya da ba ta narkewa a ruwa tana bushewa a bakin alƙalami cikin mintuna kaɗan, sai ana gogewa da ƙyalle. Takarda kuma mai santsi ake so, mai gauri tana kama tsinin ta fantsama tawada.

Duk wannan kowane ɗalibi zai iya koya. Abin da ya bambanta Mohassess shi ne inda yake zuba layukan da inda yake hana su. Tufafin mai mulki yakan sha ado, lambobi da maɓallai da zubin jabba, har ya yi nauyi a ido. Fuskar kuwa layuka kaɗan ne, sau da yawa babu komai a cikinta. Mutumin ya zama kayan da ke jikinsa. Layinsa kuma ba mai santsi ba ne irin na gwanin da yake nuna gwaninta: yana kakkarya, yana komawa kan kansa, hannu yakan fi ƙima, ƙafa takan ƙanƙance. A ganinmu wannan rashin daidaito da gangan shi ne rabin ƙarfin aikin. Da ya zana azaba da layi mai kyau, da ta zama abin ado.

Rubutun ƙasa

Jimlolinsa da muryar sanarwar gwamnati aka rubuta su, ko muryar mai rubuta bayani a ƙasan hoton jarida. Ɗaya daga cikinsu tana cewa kisan mai laifi ya zo daidai da bikin ranar haihuwar sarki. Babu sifa, babu alamar motsin rai, babu kalmar zalunci. Ƙa'idar ita ce rubutu kada ya faɗi abin da zane ya riga ya nuna, zane kuma kada ya zama fassarar rubutu. Gwaji mai sauƙi: rufe ɗaya ka dubi ɗaya. In ma'anar ta cika da guda ɗaya, ɗayan kaya ne kawai, a cire shi. Yawancin zanen siyasa da ake gani yau a intanet a nan yake faɗuwa, an zana ɓarawo an rubuta ɓarawo a rigarsa, an kuma sa shi yana cewa ya yi sata. Mai kallo ba a bar masa aikin yi ba, don haka ba ya riƙe komai.

Inda hanyar take da haɗari

Habaici yana dogara ne ga abin da mai ji ya riga ya sani. Mai karatu a Tehran ya san an yi shekara hamsin da faɗuwar Kajar, ya san da wa ake. Mai karatu a New York wanda bai san wannan ba zai iya ganin doguwar hula da hauni ya ce haka mutanen Gabas suke tun fil azal. Zanen da aka yi don a tona asirin sarki sai ya koma tabbatar da rainin da baƙo yake yi wa al'umma gaba ɗaya. Wannan rauni ne na gaske a aikin da aka yi cikin gudun hijira, kuma rubutun ƙasa bai cika warkar da shi ba. Akwai kuma masu cewa duniyarsa ba ta da ƙofa: talakansa ba ya cin nasara, wani lokaci ma shi ne ɗan kallo a wurin rataya. Wannan suka tana da gaskiya a cikinta, sai dai wanda ya ga abin da ya biyo bayan 1979 zai yi wuya ya ce mutumin ya yi ƙarya.

Haɗari mafi girma shi ne alama ta kuɓuce wa mai ita. Abin da ya sami mai zane Mana Neyestani ya isa misali. A watan Mayu na 2006 ya yi zane a shafin yara na mujallar Juma'a ta jarida mai suna Iran, mallakar gwamnati: yaro yana yi wa kyankyaso magana, kyankyason ya amsa da kalma ɗaya, namana, wato me ka ce. Kalmar ta harshen Azeri ce. Neyestani ya ce a Tehran ana faɗinta a hira ba tare da tunanin ƙabila ba. Amma Azerawan Iran, miliyoyin mutane da suka daɗe suna jin ana yi musu ba'a, sun karanta cewa an kira su kyankyasai. Zanga-zanga ta tashi a Tabriz da Urmiya da wasu garuruwa, an rasa rayuka, an dakatar da jaridar, an tsare shi da editansa a kurkukun Evin. Da aka ba shi sakin wucin gadi ya gudu daga ƙasar, daga baya ya zauna a Faransa. Darasin aiki a nan a fili yake: siffar dabba da harshen wata al'umma in suka haɗu a zane ɗaya, niyyar mai zane ba ta da iko a kan ma'anar. Mohassess bai cika faɗawa wannan rami ba saboda abin da yake nufa matsayi ne, mai sarƙa da mai ɗaure, ba ƙabila ba. Atena Farghadani, wadda ta zana 'yan majalisa da kawunan dabbobi a 2014 kan dokar da ta shafi tsarin iyali, ta nufi masu mulki kai tsaye ba mayafi. An yanke mata shekara 12 da wata 9, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa wata 18, ta fito a 2016.

Abin da ya bari

Tasirinsa na farko shi ne ya ɗaga darajar sana'ar. Zanen jarida ya shiga ɗakin baje koli, mawaƙa da masu sharhi suka yi rubutu a kansa kamar yadda suke yi wa zanen fenti. Shi da tsaransa Kambiz Derambakhsh, wanda ya rasu a 2021, su ne suka kafa zanen da ba ya neman dariya, ko da yake hanyarsu ta bambanta: Derambakhsh ɗan mutum ne marar fuska a cikin fili mai faɗi, layi kaɗan, babu rubutu. Daga waɗannan biyun zuriyar da ta taso bayan juyin juya hali ta sha, zuriyar mujallar barkwanci ta Gol Agha da aka fara a 1990, da gasar zanen duniya ta Tehran, da jaridun masu neman sauyi na ƙarshen shekarun 1990. Masu zanen Iran sun yi suna a gasannin duniya da zane marar magana. Nan ma akwai abin da ya lalace: zanen gasa yakan koma kurciya da keji da waya mai ƙaya, alamun da ba sa ɓata wa kowa rai domin ba su nuna kowa ba. Mohassess bai taɓa zama haka ba. Ko da bai rubuta suna ba, hular da maɓallin da sarƙar na wani wuri ne takamaimai.

Ana ganin inuwarsa a saƙar layukan Mana Neyestani, da kuma manyan zanen fenti na abokinsa Nicky Nodjoumi, inda maza masu kwat suke tsaye a daskare cikin wani aiki marar kyau. Marjane Satrapi, mai littafin zane Persepolis, ta bi wata hanya dabam, baƙi shimfiɗaɗɗe ba saƙa, da labarin rayuwarta a bakinta, abin da Mohassess bai yi ba.

A shekarunsa na baya cutar Parkinson ta kama shi, hannun da yake ci da shi ya shiga karkarwa. Bai ajiye alƙalami ba. Saƙar layuka masu yawa ta ragu, siffofin suka zama 'yan layuka masu rawa, ya ƙara amfani da launi da kuma yanka hotuna yana mannawa. A 2008 cibiyar Asia Society ta New York ta yi masa babban baje koli, wanda Shirin Neshat, mai ɗaukar hoto da shirya fim, da Nicky Nodjoumi suka tsara, aka jera zanen zamanin Shah da na zamanin Jamhuriyar Musulunci a gini ɗaya. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 9 ga Oktoba 2008, ya rasu a New York yana da shekara 70.